Ofishin wata lauya a Garwa da batun hujja a shari'ar fyaɗe

Na raka wata maƙwabciyata, dattijuwa, zuwa ofishin wata lauya a Garwa, a ƙasar Kamaru, bayan an ci zarafin jikarta, kuma sau uku muka je kafin na yanke shawarar rubuta abin da na gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne lauyar ba ta yaudare mu da daɗin baki ba. Dattijuwar ta shiga da fargabar cewa sai an kawo shaidu huɗu, kamar yadda malamai ke karantarwa a babin zina, amma lauyar ta ce mata: "Iya, kotun hukunta laifi ta Kamaru ba ta neman wannan." Ta buɗe kundin tsarin shari'ar laifuka na 2005, ta nuna mana sashe na 307 wanda ya ɗora nauyin kawo hujja a wuyan mai gabatar da ƙara, da na 308 wanda ya yarda a tabbatar da laifi ta kowace irin hujja, sannan ta bayyana cewa alƙali yana hukunci ne bisa doka da kuma abin da zuciyarsa ta gamsu da shi daga hujjojin da aka baje a gabansa. Wanda ake tuhuma kuwa ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma idan kokwanto ya rage, shi zai ci moriyarsa. Wannan magana ta yi wa dattijuwar ɗaci, amma gara ta ji ta a ofis da ta ji ta a ranar yanke hukunci.

Daga nan ta bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya: takardar likita, wadda aka yi sa'a an karɓo tun kafin cikar awa 72 da ake fara shan maganin kariya daga ƙanjamau a cikinsu, da zanen da ba a wanke ba, da saƙonnin WhatsApp, da takardar haihuwa, domin shekarun yarinya suna ƙara nauyin hukunci fiye da ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da sashe na 296 na kundin dokokin laifuka ya tanada wa fyaɗe. Da dattijuwar ta ambaci cewa dangin mutumin sun aiko da maganar aure, lauyar ta ce tun da aka sabunta kundin dokokin laifuka a 2016 aure ba ya dakatar da tuhuma.

Sai dai ofishin yana da aibi. Ɗakin jira da teburin sakatare wuri guda suke, har ya zama dole yarinyar ta faɗi abin da ya kawo ta a gaban baƙi, kanta a sunkuye tana murza bakin mayafi. Takardu duka da Faransanci suke, sakataren kuma bayan Faransanci, Fulatanci kawai yake ji, don haka ni na zama tafinta. Kuɗin aiki ma ba a rubuta mana shi ba sai da na nace a zuwa na biyu. Duk wanda zai je, ya nemi a shigar da shi ciki kafin ya fara bayani, kuma ya tafi da mai jin Faransanci wanda yarinyar ba ta jin nauyinsa.