Ƙaramin fanel ɗin amfilifaya na TPA3116D2: sai da ya sha dalma kafin ya zama abin saurare

Fanel ɗin da nake magana a kai, wato allon lantarki mai ƙara ƙarfin sauti, shi ne ɗan shuɗin nan mai tashar sauti biyu da aka rubuta wa 50W + 50W, wanda duk mai haɗa lasifika ya san shi kuma ya san kuɗinsa. Yana fitowa daga leda na jona shi da cajar laftof mai volt 19 da lasifika biyu masu ohm 8, kuma abin da ya fara shiga kunnena ba kiɗa ba ne. Wani "shiiii" ne ke fita daga tuwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, babu wayar hannu a jone, makunnin ƙara yana ƙasa, amma ana jin sa daga nisan taku uku. Ran mutum dole ya ɓaci. Aisin da ke kai, wato ɗan guntun TPA3116D2 mai ninka sautin, na kamfanin Texas Instruments ne, an san shi da tsaftar sauti, to laifin na masu haɗa fanel ɗin ne.

Tushen matsalar yana kan ƙafa ta 8 ta aisin. Ƙananan rizista biyu ne a wurin suke yanke yawan ninkin da zai yi wa sautin da ya shigo: ɗaya daga ƙafa ta 8 zuwa ƙasa (layin ragi na wuta), ɗaya zuwa ƙafa ta 7. A nawa an sa mai lamba 393 da mai lamba 104, wato 39k da 100k (ohm dubu 39 da dubu 100), kuma wannan haɗin 32dB yake bayarwa, ninki 40 ke nan. An yi haka ne don mai saye ya ji ƙara da ɗan murɗawa kaɗan ya ce abin da ƙarfi. Amma duk wata ƙazantar da ke kan layin shiga ita ma sau 40 ake ninka ta.

Maganin bai kai kuɗin ruwan leda ba. A kwance ƙarfen sanyaya da ke kan aisin, a cire 39k ɗin a sa 20k, ninkin ya sauko 26dB. Wanda hannunsa ke rawa a kan waɗannan 'yan mitsi-mitsin, ya ɗora wata 39k a bisa ta farkon ya like su tare, za su ba shi 19.5k, kuma ya isa. Sai an kashe wuta an sake kunnawa canjin zai kama, domin lokacin tashi kaɗai aisin yake karanta wannan ƙafar. Wasu suna tsige 100k ɗin gaba ɗaya su sauka 20dB. Na gwada, shirun ya fi, sai dai wayar hannu ba ta iya cika shi, za ka ƙure makunni ƙarar ba ta kai ba. Ga mai jona waya, 26dB ne daidai.

Da na sake kunnawa sai da na kai kunne jikin tuwita kafin na ji ɗan saura. Abin da ban zata ba shi ne bes ma ya ɗan ƙara zama. Dalili kuwa, juriyar ƙofar shigar aisin tana tashi daga 15k zuwa 30k in an sauko 26dB, sai kafasitocin shiga masu 1µF su rage yanke ƙasan sauti. Daga baya na musanya su da 3.3µF kamar yadda takardar aisin ta nuna. Guda huɗu ne, a canza su duka iri ɗaya, in ba haka ba "ɗum" ɗin da yake yi lokacin kunnawa zai ƙaru. A wannan matakin wallahi na yaba masa: murya fes, ganga ba ta cakuɗewa da garaya, kuma ƙarfen ko ɗumi bai cika yi ba.

Yabon bai daɗe ba. Na ɗaga shi zuwa volt 24, wanda yake cikin iyakar aisin tunda yana ɗaukar 4.5 zuwa 26, kwana kaɗan sai ga kan ɗaya daga manyan kafasitocin wuta ya kumbura. Da na duba jikinsu, 25V aka rubuta. Wane irin ganganci ne a ce fanel yana ɗaukar 24 sannan a bar masa tazarar volt ɗaya tak, a ƙasar da ɗaki ke zama tanda a watan Afrilu? Na cire su na sa 1000µF masu 35V da 105°C. A kula da tsiri mai alamar ragi, wanda aka juya fashewa yake yi. Kuma tun lokacin da na kwance ƙarfen sanyaya na tarar ko ɗigon man ɗaukar zafi babu tsakaninsa da aisin, alhali TPA3116 ta bayansa na sama yake fitar da zafi. A shafa kaɗan, a ɗaure noti a hankali kada ƙarfen ya taɓa kafasitocin da ke gefe.

Shi kuma 50W ɗin, a lasifika mai ohm 4 da volt 21 ake samunsa, a lokacin sauti ya fara tsagewa. Da ohm 8 da cajar laftof, wat 20 da ɗoriya ne. Mai batirin sola na volt 12 da lasifika mai ohm 8 kada ya sa rai da fiye da kusan wat 10.

Koyil ɗin fita su ma ƙanana ne, suna zafi in an matsa musu da ohm 4. Masu 10µH da ke jure amfiya 5 ko fiye sun fi dacewa. Wayoyin ragi na lasifikan biyu kuma kada a kuskura a haɗe su wuri ɗaya ko a kai su ƙasa, domin kowace waya a nan tana ɗauke da wuta.

Tauraro uku na ba shi. Mai ayan ɗin soldarin da mitar awon wuta da haƙuri ya saya, zai more. Wanda yake so ya jona ya kunna kawai, wancan "shiiii" ɗin zai hana shi barci.