Safar nutso busasshiya da zobbanta: abin da zan saya da kuɗina a Akra

Wani ƙanena a Nima ya tare ni bayan Juma'a, waya a hannu. Ya ce, "Yaya, na samu gurbin koyon aikin nutso a Cape Town, duba wannan zoben, rabin kuɗi ne." Ina ganin hoton na ce masa ya mayar da wayar aljihu.

Da farko, wanda ke nutso a tekunmu don shaƙatawa ba ya buƙatar wannan kaya. Ruwan gaɓar Gana ɗumi ne, sai daga Yuli zuwa Satumba yake ɗan yin sanyi. Safa busasshiya, wato safar hannu da ake haɗawa da rigar nutso da zobe don kada ruwa ya shiga, ta mutum biyu ce: mai shiga ruwan sanyi irin na Cape Town ko Norway, da mai aiki cikin ruwa mai datti, kamar mu da muke kankare gindin jirgi a tashar Tema. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma yatsu ne suke fara mutuwa.

Zoben guda biyu ne. Ɗaya yana zaune a bakin hannun rigar nutso, ɗayan yana riƙe da safar, sai siririn zoben roba a tsakani ya toshe ruwa. Duk gardamar masu nutso a kan yadda biyun nan suke haɗuwa ce.

Ni dai zoben kamfanin Kubi nake so, ba na ɓoyewa. Na alminiyam ne, ba shi da haƙori ko maɓalli da zai karye. Ka tura zoben safa cikin na riga, ka ji ya zauna, shi ke nan. Yana zuwa da faɗin milimita 70, 80, 90 da 100, don haka ka auna: ka tattara yatsunka kamar mace za ta sa warwaro, in hannun ya wuce ba da kokawa ba, girmanka ke nan. Kada ka ɗauki babba don jin daɗi, zai riƙa karo da komai in ka miƙa hannu bayan wuya neman bawul ɗin tankin iska. Abin da ya fi saye ni shi ne safar ba sai ta kamfanin ba. Ƙusa ta huda maka ita a Tema, ka zare zoben robar da ya ɗaure ta, ka sa wata safar aiki mai kauri irin Showa 660 mai shuɗi ko 720, kafin shayinka ya huce ka gama. Wanda yake zaune inda sai ya jira kaya daga Turai makonni ya san darajar wannan. Yana da tsada, cire shi da jiƙaƙƙen hannu kuma sai an koya.

Sauran? Antares na SI TECH mai siffar ƙwai ne, yana bin hannu da kyau, amma ƙananan haƙoran roba ba sa kwantar mini da hankali. Rolock murɗawa ake yi ya kulle, masu shi suna yabonsa, ni yashin bakin teku nake tsoro. ZipGloves na DUI manne suke da riga, ba ka da hannu tsirara a kan jirgi.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Na taɓa sayen zobe a intanet wurin wani da ba shi da shago, na tura kuɗi ta momo. Kwali mai kyau, suna a jiki. A mita 18 na ji sanyi ya zagaye wuyan hannuna na hagu kamar an ɗaura ƙanƙara, ya gangaro har gwiwar hannu. Da na fito na sa farce cikin ramin da zoben roba yake kwanciya, sai na ji kaushi kamar bakin gwangwani. Jabu ne. Mai kayan kuwa lambarsa ta daina shiga.

Saboda haka kafin ka biya, ka riƙe abin a hannunka. Ka bi ramin da farce, dole ya zama sumul. Ka haɗa zobban ka raba sau goma. Ka miƙa zoben robar a hasken rana, in ka ga tsage-tsage ya tsufa a ajiya. Mai sayarwa da ya ce "daidai yake da na asali" ya riga ya gaya maka ba na asali ba ne. Na gwanjo ba laifi in alminiyam ne bai lotse ba, amma ka canza robobinsa duka. Kuma kada wani a Abossey Okai, kasuwar kayan mota, ya zaɓa maka zoben roba da ido, ya ce ai na mota ma haka yake. Bambancin da ido ba ya gani shi ne ƙofar ruwa.

Abu ɗaya da sababbi suke mantawa: kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu, safar za ta matse yatsu in iska ba ta shiga daga riga. Ka sa siririn tiyo ko igiyar babban yatsa ta rigar ciki a ƙarƙashin robar riga da ke matse wuyan hannu, domin iska ta wuce. Kada ka yanke robar nan gaba ɗaya. Ita ce ta hana rigata cika da ruwa ran nan, na zare tiyon kawai.

Kulawa ba ta da yawa. Ruwan famfo bayan kowane nutso, ka cire zoben roba ka goge yashi da gashi, ka shafa man silikon kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Ban da basilin, ban da giris ɗin mota, suna cinye robar lateks. Ka juya safar ta bushe a inuwa, domin ranar Akra da zafin cikin but ɗin mota suna gasa roba, laima kuma tana sa safar ciki wari. Kada ka ajiye kusa da janareta. Kafin shiga ruwa ka hura safar, ka murɗe bakinta, ka tsoma a bokiti ka nemi kumfa.

Ƙanen nawa ya fasa na rabin kuɗin. Milimita 80 ne ya shige shi, na ba shi aron nawa na ajiya da safa biyu har ya tara na sayen nasa.