Faifan Forró: Mai Juyi 78 Ko Mai Juyi 33?

Duk mai tara tsofaffin faifan forró, kiɗan rawar arewa maso gabashin Birazil, sai ya tsaya tsakanin iri biyu.

Mai juyi 78 a minti shi ne na asali. A kansa Luiz Gonzaga, shahararren makaɗin forró ɗan garin Exu a jihar Pernambuco, ya fara ɗaukar kiɗansa a kamfanin RCA Victor a 1941. Faifan nauyi gare shi a hannu, kowace fuska waƙa ɗaya ce ta kusan minti 3, kuma in ya suɓuce ya faɗi, ya tarwatse kamar tangaran. A garmaho kuwa, allurar ƙarfe sai an sauya ta bayan kowace fuska, in ba haka ba ta cinye layukan. Duk da shashshakar da yake yi, akodiyan da gangar zabumba suna fitowa da wani kauri mai daɗi.

Mai juyi 33 na roba ne, ba ya saurin fashewa, yana ɗaukar waƙoƙi da dama, ga kwali mai hoto. Sai dai yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke kansa kwafo su aka yi daga na farkon.

Ni dai, don saurare na kullum, 33 zan saya. Na 78 a jera shi tsaye, nesa da zafin rana.