Ruwan Sama da Ɗumamar Duniya: Kashi 7 ko Kashi 2?

Idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 1 na ma'aunin Celsius, nawa ruwan sama zai ƙaru? Hanyoyin lissafi biyu ne.

Ta farko tana duba danshin iska. Bisa wata ƙa'idar kimiyya da ake kira Clausius-Clapeyron, kowane ƙarin digiri yana ba iska damar riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100, don haka ake ɗauka ruwan sama ma zai ƙaru da haka. Lissafi ne mai sauƙi, shi ya sa ake saurin kama shi.

Ta biyu tana duba zafi. Duk sanda tururi ya koma ɗigon ruwa cikin gajimare, sai ya saki zafi, kuma dole sararin sama ya fitar da zafin nan kafin wani ruwan ya sake haɗuwa. Iskar kabon dayoksaid kuwa, wadda ke jawo ɗumamar duniya, tana rage saurin fitarsa. Shi ya sa manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yanayi ke nuna ƙarin kashi 1 zuwa 3 kacal a jimillar ruwan saman da ake yi a duniya.

A ganina, kan jimillar ruwa, ta biyu ce abin dogaro. Amma ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin mai jawo ambaliya, ƙaruwarsa ta fi kusa da kashi 7 ɗin.