Bridge Base Online: ya dace da koyon ishara tsakanin masu tsaro a wasan birij?

A birij, wasan kati na mutum huɗu, biyu da biyu, wanda ya ci cinikin kwantiragi (alƙawarin yawan cin da zai yi) yana ganin hannunsa da na abokinsa shimfiɗe a tebur. Masu tsaro biyu kuwa, wato masu neman karya kwantiragin, kowa nasa da na tebur kawai yake gani, ba ya ganin na abokinsa, kuma doka ta hana magana ko ƙyafta ido. Abin da ya rage musu shi ne ishara da ƙananan katunan da suke jefawa. A kan wannan muka auna Bridge Base Online, wato BBO, shafin da Fred Gitelman ya kafa, wanda ya fara aiki a 2001. Buɗe asusu kyauta ne, yana aiki a waya da kwamfuta, kuma ba ya cin data sosai. Babu Hausa a cikinsa.

Hukuncinmu a taƙaice: idan ku biyu ne masu son ku saba da juna, wurin ya yi. Idan kai kaɗai ne kana shirin koyon ishara tare da mutum-mutumin shafin, za ka koyi mugun hali.

Abin da ya fi amfani shi ne teburin koyarwa. Wanda ya buɗe teburin yana iya ɗora rabon da ya shirya, ya mayar da wasa baya, ya sake buga rabo ɗaya har sai an gane. Ga irin rabon da ya kamata a fara ɗorawa. Kwantiragi 3NT ne, wato ci tara ba tare da kalar yanka ba, a shimfiɗe akwai ♦K Q J 10 6, kuma babu wani babban kati a gefe da zai mayar da wasa can. Abokinka yana riƙe da A 7 4. Tambayarsa ɗaya ce: a wane zagaye zai sa A? Kai ne za ka gaya masa. Idan 8 da 3 gare ka, ka fara jefa 8, alamar adadinka cika ne, biyu ko huɗu. Sai ya lissafa: biyar a tebur, uku a hannunsa, biyu a naka, saura uku wurin mai kwantiragi, don haka ya jira zagaye na uku. Idan kuma 8 3 2 gare ka, ka fara da 2, mai kwantiragi biyu ke gare shi, a karɓe a zagaye na biyu. Ya yi gaggawa, kalar ta gudana gaba ɗaya. Ya yi jinkiri, ya ba da ci ɗaya a banza, kuma sau da yawa shi ne na tara da ake nema.

Haka ma ƙa'idar 11. Abokinka ya fito da 7, na huɗu daga sama a kalarsa mafi tsawo. Cire 7 daga 11, saura 4: katuna huɗu ne suka fi 7 a sauran hannuwa uku. A tebur akwai K 5 2, kai kana da A J 9 3. Ga huɗun nan duka a gabanka, ke nan mai kwantiragi ba shi da abin da zai doke 7. Idan an jefa ƙarami daga tebur, ka sa 3 ka bar abokinka ya sake ratsa K. A teburin koyarwa ana nuna wannan cikin minti biyu.

Akwai kuma takardar yarjejeniya da ake cikewa a ajiye da sunan abokin wasa. Kada a tsallake sashen ishara. A rubuta ko babban kati ne ke nufin "ci gaba" ko kuwa an juya, ƙarami ne ke ƙarfafawa. Masu juyawa suna da hujja: daga K 10 9 2, jefa 10 ko 9 don a ce "ina so" ɓarnar katin da zai iya ci ne. Kowanne aka zaɓa yana aiki, rikicin yana zuwa ne idan ɗaya yana nan ɗaya yana can. A tuna abokan hamayya suna da haƙƙin sanin yarjejeniyar, ba a ɓoye ta.

Yanzu mutum-mutumin. GIB ake kiransa, Matthew Ginsberg ne ya fara rubuta shi. Yadda yake tsaro shi ne ya ƙirƙiri rabe-rabe masu yawa da suka dace da cinikin da aka yi, ya warware kowanne kamar duk katuna a buɗe suke, sannan ya zaɓi katin da ya fi ba da sakamako. Ba ya zama ya karanta isharar da ka aika. Ka ba shi 9 ya yanka don ya dawo maka ta kala mafi daraja cikin biyun da suka rage, ko 2 don ta ƙasa. Zai dawo ta inda lissafinsa ya kai shi. Wanda ya daɗe da shi sai ya daina kula da ƙananan katuna, ya riƙa jefa duk wanda yatsa ya taɓa. A matsayin abokin hamayya dai yana da kyau: ku biyu ku zauna Gabas da Yamma, ku bar masa kwantiragin. Wasu mutum-mutumin sai an biya haya da kuɗin shafin, wanda ake saye da dala.

Bayan wasa, shafin yana ajiye rabon, ana bin sa kati bayan kati, kuma maɓallin GIB yana nuna wane kati ne zai karya kwantiragi. A yi hattara da shi. Yana ganin hannuwa huɗu, kai biyu ka gani. In ya ce da ka fito da ♣ da an yi nasara, tambayar ita ce ko akwai abin da abokinka ya jefa da ya nuna ♣. In babu, ba laifinka ba ne.

Ƙananan matsaloli biyu. A waya katuna sun matsu, yatsa na iya taɓa 9 maimakon 2, ka yi wa abokinka ƙarya. A kunna zaɓin tabbatar da kati kafin ya fita. Na biyu, jinkirin intanet yana kama da dogon tunani, kuma doka ta hana amfani da jinkirin abokin wasa wajen yanke shawara, ko daga ina ya fito.

Sashen Vugraph yana nuna manyan gasanni kai tsaye kyauta, har da masu sharhi. A zaɓi mai tsaro ɗaya a bi ƙananan katunansa kawai, bayan an bincika wace irin ishara shi da abokinsa suke bi.