Auna ƙarfin kankare ta hoto: tana gano wurin rauni, amma lambarta sai an tantance

Hidimar auna ƙarfin kankare ta hoto ba ta buƙatar a huda ginshiƙi. Ana ɗaukar hoton fuskar kankare da kyamara mai ƙara girma, manhaja ta duba ramukan iska, kwanciyar tsakuwa cikin siminti da ƙananan tsaga, sannan ta fidda ƙiyasin ƙarfi a MPa (megapascal, ma'aunin ƙarfin jure matsi). An horar da ita ne da hotunan samfuran da daga baya aka murƙushe a injin, don haka iyakar saninta ke nan. Tsakuwar da ba ta taɓa gani ba, ko siminti mai wani launi, sai ta ba da lamba da gaba gaɗi alhali ta kauce.

Rabin aikin yana wurin shiri. A goge fuskar da dutse har tsakuwa ta bayyana, domin madarar simintin da ke manne jikin katako ba ita ce kankaren ba. A share ƙura, a bari ya bushe, a riƙe haske ɗaya da tazara ɗaya a kowane hoto. Fitila ta karkata kaɗan, inuwa ta koma rami a idon manhaja.

Inda ta yi fice shi ne kwatantawa: cikin ginshiƙai masu yawa da aka zuba da haɗi ɗaya, nan da nan take ware masu alamar tambaya. Sai dai fata kawai take gani. Holoƙon da ke bayan rodi saboda rashin girgiza kankare lokacin zubi, sai na'urar da ke aika sauti cikin kankare ta gano shi.

Gudumar Schmidt, wadda injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙiro a 1948, tana bugun fuskar kankare ta auna yadda bugun ke dawowa, kuma ta dace a haɗa da manhajar: bugu 10 a wuri ɗaya, tazarar aƙalla milimita 25, a jefar da duk wanda ya kauce wa matsakaici da fiye da maki 6. Ita ma tana ruɗuwa a tsohon gini, inda iska ta taurara fatar kankaren, lamba ta hau.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai hidimar irin haɗin da aka horar da manhajar a kai. In batun karɓar gini ne ko ƙara bene, a haƙo aƙalla samfur 3 daga wuraren da ta tuhuma, a murƙushe, a daidaita lambobinta da su.