Gurasar tanderun da na saya a Jakara

Jiya da la'asar na biyo ta Jakara na tsaya sayen gurasa wajen wata baiwar Allah, a cikin gida take yi yara ne ke fitowa da ita a kwando, amma da na ce mai zafi nake so sai aka ce in shigo in jira. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni wallahi. Tanderunta na ƙasa ne kamar randa, an ƙona kara a ciki ya zama garwashi, sai ta jiƙa hannu ta ɗebo kwaɓin ta manna a jikinsa ta ciki, ni ina daga nesa zufa nake amma ita ko a jikinta.

Na ce Inna wannan sana'a ai gado ce ko, ta ce a hannun kakarta ta koya. Kuma dai kalmar gurasa ma kanta baƙuwa ce, daga Larabci ta zo, ƙurs wato abu zagayayye mai faɗi. Mutanen Sudan har gobe gurrasa suke cewa, sai dai tasu a kan faffaɗan kasko ake yi, tana da laushi ana zuba mata miya, ba irin tamu ba da ake gasawa. Tanderu ma tannur ne na Larabawa, shi ne Indiyawa ke kira tandur, duk alhajin da ya ci tamis, wato gurasarsu ta can, da wake a Makka ya san wannan aikin.

To maganar ɗanɗano, ta alkama ta fi ta fulawa nesa ba kusa ba, ta fi nauyi a ciki, bayanta ya ɗan ƙone yana ƙamshin hayaƙi, abin da gurasar obin ba za ta taɓa ba ka ba kenan. Ta fulawan kuma fara ce tas amma yis ya ɗan yi yawa, ana jin tsami kaɗan.

Inda ban ji daɗi ba shi ne bandashen da yaron ƙofar gidan ya haɗa min, garin ƙuli kamar ana rowarsa, man gyaɗa ɗigo biyu, yaji kuwa kamar mun yi faɗa. Sauran biyar ɗin gida na kai, da daddare na sayo tsire aka ɗumama su, ko gutsure bai kwana ba.